Gas ɗin da ke maƙale a duwatsun wata: na rana ne, na wata ne, ko iskarmu ce ta shiga?

Ɗanlami: Salamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya. Na ji wai an samu gas a cikin duwatsun da aka kwaso daga duniyar wata, su hiliyam da niyon da argon. To ni dai abin da aka koya mana shi ne wata ba shi da iska ko ta numfashi ɗaya. Daga ina gas ɗin ya fito? Kuma duwatsun nan sun haura shekara hamsin a hannun mutane. Wa zai rantse ba iskar duniyarmu ce ta shige su ba, aka zo ana ta murna an gano abin mamaki? Masana a taimaka.

Habu: Wa alaikumus salam. Iskoki a cikin dutse? Ai wannan ba aikin masu kimiyya ba ne, mai ruƙiyya za a nemo.

Ɗanlami: Habu ka fara ko? Gas na ce, ban ce iskoki ba.

Malam Sani: Ku bar Habu da halinsa. Ɗanlami, tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, amma bari in fara da ta farkon. Waɗannan gas da ka lissafa 'yan gida ɗaya ne: hiliyam, niyon, argon, kiripton, zinon, sai radon. Ni ina ce musu 'yan ba-ruwanmu, don ba sa ƙulla alaƙa da wani sinadari sai da ƙyar da jiɓin goshi. Sunan argon ma daga Girkanci yake, ma'anarsa malalaci. To wannan halin nasu shi ya sa masana ke ji da su. Iskar oksijin idan ta shiga dutse sai ta haɗe da ƙarfe ta saje, ka rasa gane ta. Shi kuwa niyon yadda ya shiga haka zai zauna, ko da shekara biliyan ce, ba ya canza kama.

Mafi yawan wanda ke cikin turɓayar wata daga rana ya zo. Rana kullum tana feso ƙananan ƙwayoyi masu caji, ana kiran abin iskar rana, gudunta ya kai kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya, wani lokaci ya ninka haka. Mu nan muna da garkuwar maganaɗisu da ke karkatar da ita, ga kuma sararin iska a samanmu. Wata ba shi da ko ɗaya mai ƙarfi, saboda haka ƙwayoyin kai tsaye suke dukan turɓaya su lume a cikin fatar kowane ɗan tsaki.

Zainab: Malam, "su lume" har zuwa ina? Cikin dutsen can ciki?

Malam Sani: Ina! Ba su wuce 'yan nanomita gommai zuwa ɗari da wani abu. Kaurin silin gashin kanki ya ninka wannan zurfin sau ɗaruruwa. Fatar waje ce kawai.

Ɗanlami: Na ji wannan Malam, amma har yanzu labari ne aka ba mu. Wa ya je ya tari iskar ranar ya auna, har da za a ce wadda ke cikin turɓaya ita ce?

Malam Sani: An je an tara kuwa, kuma da abu mai sauƙi har ya ba ka dariya. Wani masani a Jami'ar Bern ta Suwizalan, Johannes Geiss, shi da abokan aikinsa suka ba 'yan Apollo 11, tafiyar Amurka da mutane suka fara taka wata, fallen alminiyam siriri, faɗinsa santimita 30, tsawonsa kusan 140. A watan Yulin 1969 Buzz Aldrin ya kafa shi a jikin sanda yana fuskantar rana, tun kafin ma su kafa tutar Amurka. Minti 77 ya yi a waje, suka naɗe shi suka dawo da shi. Aka maimaita a Apollo 12 da 14 da 15 da 16, na ƙarshen ya yi awa 45. Da aka narkar da guntayen fallen a Bern sai ga hiliyam da niyon da argon, kuma an san tsawon lokacin da suka ɗauka suna shiga, an san ba daga wani wuri suka zo ba. Wannan ya zama abin gwadawa.

Dakta A'isha: Sannunku da hira. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma tambayar Ɗanlami ta taɓo inda nake, don na yi shekaru ina aiki da na'urar auna nauyin zarra, ko da yake duwatsun duniyarmu nake aunawa, ban taɓa riƙe na wata ba.

Ɗanlami ƙanena, abin da kake tsoro shi ne abin da ke hana duk mai wannan aikin barci. Iskar ɗaki ita ce babbar abokiyar gabarmu. Kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da kake shaƙa yanzu argon ne. Sai dai Allah ya taimake mu, kowane gas da tambarinsa, ka ce tsagar gado ce a fuska. Niyon kala uku ne ta fuskar nauyi: mai 20, mai 21, mai 22. A iskar duniyarmu idan ka ƙirga niyon-20 ka raba da niyon-22 za ka samu 9.8. A fallen nan na Geiss an samu kusan 13.7. Tazarar nan ba ƙarama ba ce, na'ura ba ta rikita su.

Na hiliyam ya fi ma fitowa fili. A iskarmu sai ka ƙirga hiliyam-4 sama da dubu ɗari bakwai kafin ka ci karo da hiliyam-3 guda ɗaya. A iskar rana kuwa duk dubu biyu da 'yan ɗaruruwa akwai ɗaya. Argon ma haka: a nan argon-40 ya ninka argon-36 kusan sau 296, a turɓayar da Apollo 11 ya kwaso kuwa kusan kunnen doki suke.

Bari in ba ka labarin abin da ya taɓa faruwa da ni. Akwai lokacin da na yi kusan mako uku ina auna wasu samfura, kullum da daddare ina rubuta lambobi. Sai na lura lambar argon tana sauka a hankali, ta yau ba ta kai ta jiya ba, ta gobe ba ta kai ta yau ba, tana nufar 296 kamar mai komawa gida. Gabana ya faɗi. Muka bi bututun nan gaɓa-gaɓa muna fesa hiliyam a kowace mahaɗa muna kallon allo, sai a wata 'yar zoben tagulla da ba a ɗaure ta da kyau ba allon ya yi tsalle. Ramin da ido ba ya gani. Aikin mako uku ya tafi a banza, na zauna a ƙasa na rasa kuka zan yi ko dariya. Amma ka lura da abu ɗaya: iskar da kanta ta tona wa kanta asiri. Ba ta iya shiga a ɓoye.

Habu: Wato ɓarawon da ke shiga gida yana kiran sunansa.

Dakta A'isha: Ka gama magana Habu.

Ɗanlami: Allah ya ƙara ilimi Dakta. To amma in lambar ta fito tsaka-tsaki fa? Misali 11 ko 12, ba 9.8 ba, ba 13.7 ba. Ba sai a ce gauraye ne da iskarmu ba?

Dakta A'isha: Madalla, ka iso inda masana da kansu suka yi tuntuɓe. Kafin in zo nan, akwai hujja ta biyu da ba ta dogara da lamba ba. Tun 1970 aka tankaɗe turɓayar Apollo 11 aka ware ta gwargwadon girman tsaki. Sai aka ga duk yadda tsakin ya ƙanƙanta, gas ɗin da ke cikin giram ɗaya ya ƙaru. Dalili a fili yake, ƙananan tsaki sun fi yawan fata idan aka haɗa su. Da aka sa ruwan asid ya ɗan cinye fatar waje kuma, sai mafi yawan gas ɗin ya tafi. Iskar ɗaki da ta manne a waje kuwa ɗumi kaɗan ke korar ta, shi ya sa muke gasa samfur kwana da kwanaki a cikin bututun da aka zuƙe wa iska kafin a fara awo. Wanda rana ta harba ciki ba ya fita sai an kai ɗaruruwan digiri.

Yanzu ga tuntuɓen. Da aka riƙa cinye fatar tsakin kaɗan-kaɗan ana auna abin da ke fitowa, sai aka ga na sama-sama yana ba da kusan 13.8, na can ƙasa kuma yana sauka har wajen 11.2. Shekaru da dama ana cewa ai wannan wani kashi ne na daban, ƙwayoyin rana masu ƙarfin gaske da ke lumewa da zurfi. Har suna aka raɗa masa, aka yi ta rubuce-rubuce. Abin da ke damun mutane shi ne yawansa ya wuce hankali, sai dai in ranar da can ta fi ta yanzu zafin rai nesa ba kusa ba.

Sai NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta harba kumbon Genesis a 2001 don ya taro iskar rana zalla, nesa da wata da duniya. Ya dawo ranar 8 ga Satumba 2004, lemarsa ta ƙi buɗewa saboda an ɗaura wasu na'urori a juye, ya faɗo ya tarwatse a hamadar Yuta. Aka tsince gutsattsarin. A cikinsu akwai wani gilashin ƙarfe da ya sha iskar rana ta kusan shekara biyu kacal. Masana a Zurik suka yi masa irin wancan cin fatar, sai ga lamba tana sauka da zurfi kamar yadda take yi a turɓayar wata. A 2006 suka fitar da sakamakon: babu wani kashi na biyu. Niyon-22 ya fi nauyi, gudu ɗaya suke yi da niyon-20, don haka ya fi shi lumewa. Shi ke nan. Abin da aka yi shekaru ana gina masa ɗaki, ashe babu shi.

Injiniya Bello: Wannan labarin na Genesis yana ba ni haushi duk lokacin da na tuna. Kumbo ya yi tafiyar shekara uku lafiya, a zo a kasa a kan abin da bai kai ɗan yatsa ba. Amma ni abin da ya kawo ni daban ne. Tunda an tabbatar hiliyam-3 na nan jibge a wata, me ake jira? Tun 1986 masana a Jami'ar Wisconsin suka ƙiyasta ya kai tan miliyan ɗaya. Harrison Schmitt, wanda ya taka wata da ƙafarsa a Apollo 17 kuma masanin duwatsu ne, ya daɗe yana kiran a je a haƙo. Makamashi ne mai tsabta, ba irin dattin nukiliyar da muka sani.

Malam Sani: Injiniya, "jibge" ɗin nan ka yi masa gyara. A wuraren da ya fi yawa, inda ma'adinin ilmenait mai titaniyam yake, kamar inda Apollo 11 da 17 suka sauka, abin da ake samu bai wuce kashi goma zuwa sha biyar cikin biliyan ba. Yi lissafin da kanka, kai ne injiniya. In kashi goma ne, sai ka haƙo tan ɗari na turɓaya ka gasa shi zuwa wajen digiri 700 kafin ka samu giram ɗaya. Kilo ɗaya kuma tan dubu ɗari.

Injiniya Bello: Ai a duniyar nan ma haka ake haƙar zinariya, ana niƙe dutse tan guda don 'yan giram. Kuma zafin rana kyauta ne a can, madubi kawai za ka kafa.

Malam Sani: Zinariyar da kake faɗa giram ne a tan ɗaya, wannan giram ne a tan ɗari, a wurin da babu ruwa, babu mai gyara in inji ya tsaya, ga ƙura mai kaifi kamar garin kwalba. A bar wannan ma. In ka kawo shi, a wace tukunya za ka dafa? Har yau babu tashar haɗa zarra, wato mai samar da makamashi ta hanyar manne ƙananan zarra su zama ɗaya, ko ɗaya da ke ba gari wuta. Nasarar da aka yi shela a Amurka a Disambar 2022 da ditiriyam da tiritiyam aka yi ta, wato nau'ukan haidirojin masu nauyi, waɗanda su ne mafi sauƙin kamawa. Hiliyam-3 yana buƙatar zafin da ya ninka wancan. Ba a sayi doki ba kana ta sayen linzami.

Injiniya Bello: Malam ka manta ba wutar lantarki kaɗai ake yi da shi ba. Yanzu haka ana amfani da shi a na'urorin gano kayan nukiliya a kan iyakoki, da firjin da ke sanyaya kwamfutocin kwantam har kusa da ƙarshen sanyi. Mafi yawan wanda ake da shi a duniya kuma daga ruɓewar tiritiyam na makaman nukiliya ake tatsar sa, ɗan kaɗan ne. Kasuwa tana nan ko ba tashar wuta.

Malam Sani: Wannan na yarda da kai. A kan lita-lita, ba tan-tan ba.

Hajiya Rabi: Ku yi haƙuri 'yan'uwa, kun ja mu kasuwa alhali ba a gama amsa wa yaron nan ba. Ni tambayata ga Dakta. Kin ce a iskar rana argon-40 ba shi da yawa, amma kin ce a turɓayar Apollo 11 ya yi kunnen doki da argon-36. To shi wa ya kawo shi?

Dakta A'isha: Hajiya kin kama ni, da ma na tsallake ne don kada in cika ku da surutu. Rana kusan ba ta ba da argon-40 sam. Shi ɗan gida ne, a cikin dutse ake haifar sa. Akwai wani nau'in potasiyam, mai nauyi 40, da ke ruɓewa a hankali, rabinsa na ƙarewa a shekara biliyan 1.25, wani kaso nasa ya zama argon-40. In dutse ya narke gas ɗin ya gudu, in ya daskare sai tarawa ta faro daga sifili. Agogo ke nan. Grenville Turner a Ingila ya yi amfani da wannan hanyar a kan duwatsun Apollo tun farkon zuwansu, aka ga baƙaƙen duwatsun aman wuta na Apollo 11 sun haura shekara biliyan uku da rabi, da yawa daga duwatsun tuddai kuma agogonsu ya tsaya wajen biliyan 3.9, alamar wani gagarumin karo ya sake narkar da su a lokacin.

Amma wanda kika tambaya ya fi wannan daɗin labari. An samu argon-40 a fatar tsaki, ya fi ƙarfin potasiyam ɗin da ke cikin tsakin. Ɗa ba uwa ba uba. Bayanin da aka bayar tun 1970 shi ne: argon ɗin yana tsattsafowa daga cikin wata ya fito sarari, hasken rana ya fizge masa lantarki ɗaya ya zama mai caji, sai iskar rana ta kwashe shi, wani ya ɓace a sama, wani ta maka shi da ƙasa ya lume a turɓaya. 'Yan Apollo 17 sun bar wata na'ura a can a 1972 wadda ta shaƙo wannan argon ɗin da kanta. Ta ga yana raguwa da dare, don sanyi na sa shi kwanciya a kan turɓaya, sai gab da fitowar rana ya tashi.

Saboda haka Ɗanlami, maganar "wata ba shi da iska" gaskiya ce ta aji uku. Yana da ɗan abin da ba a rasa ba, siririn da ƙwayoyinsa ba sa ko haɗuwa da juna.

Zainab: Argon mai kwana da dare ya tashi da asuba, kuma a ce masa malalaci. An zalunce shi.

Malam Sani: Akwai na uku ma da ba a ambata ba. Tartsatsin sararin samaniya, masu zuwa daga wajen gidan rana gaba ɗaya, suna ratsa dutse har mita ɗaya ko biyu, su farfasa zarra su haifar da hiliyam-3 da niyon-21 da argon-38 da kiripton-81. Yawansu na nuna tsawon zaman da dutse ya yi a sama bai binnu ba. Da haka aka san ramin Cone da 'yan Apollo 14 suka hau gefensa ya kai shekara miliyan 25, North Ray na Apollo 16 miliyan 50, South Ray kuma jariri ne, miliyan 2.

Musa: Ni fa duk wannan ban gamsu an je watan ba. Amurka ce ta kawo duwatsun, ita ce ta auna, ita ce ta faɗa.

Malam Sani: Musa, ba ita kaɗai ta auna ba, an rarraba wa ɗakunan bincike a ƙasashe da dama. Kuma Tarayyar Sobiyet, wadda ba ta da burin da ya wuce ta kunyata Amurka a lokacin, ta aika kumbon Luna 16 a 1970 ya ɗebo giram 101 ba tare da mutum ba, Luna 24 ya ƙaro giram 170 a 1976. Sin ta kawo giram 1,731 da kumbon Chang'e 5 a 2020, ta sake kawo kusan kilo biyu daga bayan wata a 2024. Duk tambarin iskar rana ɗaya ne da na kilo 382 ɗin Apollo. In kana da hanyar cusa wa dutse niyon-21 na shekara miliyan hamsin a 1969, ka fito da ita, lambar yabo na jiran ka.

Musa: Zan yi bincike.

Habu: Allah ya ba da sa'a, ka gaishe su.

Ɗanlami: To ni yanzu na samu uku: na rana, na cikin dutse, na tartsatsi. Dakta, ki gaya mini tsakani da Allah, ba a taɓa samun inda iskarmu ta yaudari masana ba? Don yadda kike faɗa kamar abin ba ya kuskure.

Dakta A'isha: An taɓa, kuma ba zan ɓoye maka ba. A shekarun 1970 an samu zinon mai kama da na iskar duniya sak a cikin wasu fararen duwatsun tuddan wata, kuma bai fita ba sai da zafi mai yawa, wanda a ƙa'idarmu alama ce ta ɗan asali. Wasu suka fara murna an samu gas ɗin da wata ya gada tun haihuwarsa. Daga baya aka gwada niƙa dutse a cikin iska, sai aka ga sabuwar fuskar da ta fashe tana damƙe zinon da kiripton ta riƙe gam, gasawa ta yau da kullum ba ta fitar da su. Wato wurin niƙan ne aka cusa shi. Don haka shakkarka tana da gurbi, musamman a kan masu nauyin nan biyu. Hiliyam da niyon ne ba su cika wannan rigimar ba.

Shi ya sa ake ajiye duwatsun Apollo a Cibiyar Johnson da ke Hustan cikin akwatunan da aka cika da naitirojin tsantsa, ba a taɓa su sai ta safar roba da ke manne a jikin akwatin. Kuma shi ya sa mutane suka ƙagu da samfur mai lamba 73001. Gene Cernan da Schmitt ne suka buga bututu a ƙasa a kwarin Taurus-Littrow a Disambar 1972, suka rufe rabin ƙasan a cikin gwangwani na musamman tun a can. Aka ajiye shi ba a buɗe ba kusan shekara hamsin, da gangan, ana jiran na'urorin da suka fi na lokacin. Sai a farkon 2022 aka huda shi da wani ɗan ƙarfe da Hukumar Sararin Samaniyar Turai ta ƙera, suna masa laƙabi da mabuɗin gwangwani, aka zuƙe gas ɗin cikin kwalabe kafin a fito da turɓayar. Ni wannan haƙurin ne ke burge ni fiye da na'urar. Mutum ya ajiye abu don wanda ba a haifa ba ya zo ya buɗe.

Hajiya Rabi: To shi gas ɗin gadon da aka yi wa murnar banza, an haƙura da shi ke nan?

Dakta A'isha: Ba a haƙura ba Hajiya. A 2022 Patrizia Will da abokan aikinta a Zurik suka fitar da wani bincike, kuma abin sha'awa ba duwatsun Apollo suka yi amfani da su ba. Duwatsu ne da wani karo ya ɓantaro daga wata suka faɗo Antatika, aka tsince su a kan ƙanƙara, samfur shida. Duwatsun aman wuta ne da suka daskare, wani aman ya zo ya rufe su, don haka iskar rana ba ta taɓa ganin su ba. A cikin 'yan ƙananan gilasai da ke tsakiyarsu aka samu hiliyam da niyon masu tambari irin na rana.

Ɗanlami: Tsaya Dakta. Tambarin rana a inda rana ba ta shiga ba? Ai kin rushe abin da kika gina.

Dakta A'isha: Ban rushe ba, saurara. Can cikin cikin duniyarmu ma akwai niyon mai tambarin da ya fi kusa da na rana fiye da na iskar da muke shaƙa. Ana ganin sa a duwatsun aman wuta masu tasowa daga zurfi, irin na Hawai da Aisland. Tun lokacin da duniya ke haɗuwa a cikin hayaƙin da ya haifi rana ta haɗiye shi. To ra'ayin da ya fi rinjaye a kan asalin wata shi ne wata duniya mai girman Mars, ana ce mata Theia, ta yi karo da tamu wajen shekara biliyan 4.5 da suka wuce, tarkacen ya dunƙule ya zama wata. In haka ne, ba abin mamaki ba ne wata ya tafi da ɗan guzurin gas daga cikin uwarsa. Abin da su Will suka ce sun gani ke nan.

Ra'ayina ni kaɗai: hujja ce mai kyau, amma samfur shida ne, kuma ana jin duk daga wuri ɗaya suka ɓantaro. Sannan akwai tambayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, yadda gas mai saurin gudu kamar hiliyam ya tsira daga zafin da ya mai da duwatsu hayaƙi. Ina so in ga an samu irinsa a duwatsun Chang'e ko wasu daban kafin in saki jiki.

Injiniya Bello: Kun ga ko don wannan ma sai an koma an haƙa da zurfi. Duk hanya dai haƙa take kai mu.

Malam Sani: A wannan muna tare Injiniya, in dai da cokali za a fara ba da katafila ba. Turɓayar nan shimfiɗa-shimfiɗa ce, akwai wadda aman wuta ya binne tun shekara biliyan uku da wani abu, ta riƙe iskar ranar wancan zamanin yadda take. Babu inda za ka samu wannan a duniyarmu. In ka gasa ta don giram ɗaya na hiliyam-3, ba ta dawowa.

Zainab: Dakta, ni kuma wani abu ne ya faɗo mini. In rana na harba wa wata gas, mu da muke maƙwabtansa ba ma harba masa komai?

Dakta A'isha: Muna yi. Duk wata, idan ya cika, yana ratsa jelar garkuwar maganaɗisunmu na kusan kwana biyar, kuma kumbon Kaguya na Japan ya auno oksijin ɗin duniya yana isa can a waɗannan kwanakin, an buga sakamakon a 2017. Tun 2005 Minoru Ozima ya kawo shawarar cewa wani kaso na naitirojin da gas masu sauƙi da ke turɓayar wata daga tsohuwar iskar duniya suka je. Ba kowa ya yarda da shi ba. Hanyar gwadawa ita ce a kwatanta turɓayar fuskar da ke kallon mu da ta bayan wata, wadda ba ta taɓa fuskantar mu, kuma ta bayan ba ta zo hannu ba sai da Chang'e 6 ya dawo a Yunin 2024.

Ɗanlami: Ikon Allah. Wato da na ce iskarmu ce ta shiga duwatsun, mai yiwuwa ban yi ƙarya duka ba, hanyar ce kawai na ɓata.

Habu: Kar ka fara fasa kai, a kan kuskure ka faɗo daidai.

Dakta A'isha: Ku bar shi ya ɗan fasa, tambayarsa ce ta tara mu. Ɗanlami, in ka samu lokaci ka gwada wannan lissafin ka kawo mana: in samfur ya ba da niyon 12.5, kuma ka ɗauka iskar rana da iskar ɗaki ne kaɗai a ciki, kashi nawa ne na kowanne? Ka yi da 13.8 da 9.8. Akwai ɗan tarko a ciki, sai ka faɗa zan gaya maka. Ni zan sauka, gobe da sassafe ina da awo.

Ɗanlami: Na karɓa Dakta. Habu, kar ka turo mini amsa ta bayan fage, na san ba daidai za ta zama ba.